Roy Campanella: Gwarzon da ƙaramin garin Nashua ya buɗe wa ƙofa

A farkon shekarar 1946, wata ƙaramar ƙungiyar wasan besbol a garin Nashua da ke arewa maso gabashin Amurka ta karɓi 'yan wasa biyu baƙaƙen fata, bayan da aka ƙi karɓarsu a wani wuri saboda launin fatarsu.

Ɗaya daga cikinsu shi ne Roy Campanella, wanda daga bisani ya zama gwarzon ɗan wasa har sau uku a babban rukunin wasan, kafin hatsarin mota ya zaunar da shi a keken guragu na tsawon shekaru 35.

Ita kuwa ƙungiyar da ta karɓe su, wato Nashua Dodgers, shekaru huɗu kacal ta yi a duniya. Amma duk da gajartar kwananta, ana ɗaukar ta a matsayin ƙungiyar ƙwararru ta farko mai mazauni a Amurka da ta haɗa farare da baƙaƙe a ƙarƙashin tsarin manyan ƙungiyoyin wasan a ƙarni na 20.

Yadda wasan yake

Besbol wasa ne da ake yi da sanda da ƙaramar ƙwallo mai tauri, tsakanin ƙungiyoyi biyu masu 'yan wasa tara-tara. Akan yi turmi tara, kuma a kowane turmi kowace ƙungiya tana samun damar yin bugu yayin da ɗayar ke tsaron fili.

Mai jifa yakan wurgo ƙwallo da ƙarfi, mai bugu ya make ta da sanda, sannan ya ruga da gudu ya zagaya zanguna huɗu da aka tsara a filin. Duk wanda ya kammala zagayen ya ci wa ƙungiyarsa maki ɗaya. Bugun da ya fi kowanne daraja shi ne wanda ƙwallo ta tsallake shingen fili, domin mai bugun yakan zagaya zangunan duka ba tare da an tare shi ba.

A bayan mai bugu akwai wani ɗan wasa da ke tsugune, sanye da sulke da abin kare fuska, yana cafe ƙwallon da aka jefo. Shi ne kaɗai ke fuskantar filin baki ɗaya, kuma shi ne ke yi wa mai jifa ishara da yatsu kan irin jifar da ya kamata ya yi.

Wannan ne gurbin Campanella, kuma muhimmancinsa a wannan tarihi a fili yake. Ɗaukar baƙar fata a wannan gurbi na nufin fararen 'yan wasa za su riƙa bin umarninsa a kowace jifa, a zamanin da dokokin jihohin kudancin Amurka suka hana jinsunan biyu zama a aji ɗaya ko cin abinci a wuri ɗaya.

Tasowarsa

An haifi Roy Campanella ranar 19 ga watan Nuwamban shekarar 1921 a birnin Philadelphia. Mahaifinsa John farar fata ne, ɗan wasu baƙin haure da suka fito daga tsibirin Sisili na ƙasar Italiya, kuma sana'arsa sayar da kayan gwari. Mahaifiyarsa Ida kuwa baƙar fata ce.

Ya tashi a unguwar Nicetown, yana taimaka wa mahaifinsa a sana'a tun yana yaro. Ko da yake ya gaji sunan Italiyawa, al'adar Amurka ta wancan zamani tana lissafa duk wanda ke da jinin baƙar fata a cikin baƙaƙe, don haka ƙofar manyan ƙungiyoyi a rufe take gare shi tun kafin ya riƙe sanda.

Wannan katanga ba a rubuce take ba. Tun daga ƙarshen shekarun 1880 masu ƙungiyoyi suka yi ittifaƙi a tsakaninsu cewa ba za su ɗauki baƙar fata ba. Hakan ya sa baƙaƙen suka kafa nasu rukunoni, waɗanda suka kankama a shekarar 1920 ƙarƙashin jagorancin Rube Foster.

A shekarar 1937, yana ɗan shekara 15, Campanella ya fara buga wa ƙungiyar Elite Giants, wadda a lokacin take Washington kafin ta koma Baltimore a shekarar da ta biyo baya. Ba da jimawa ba ya bar makaranta ya rungumi wasan a matsayin sana'a.

Mai horar da ƙungiyar, Biz Mackey, na ɗaya daga cikin fitattun masu cafe ƙwallo na zamaninsa, kuma a wurinsa ne yaron ya koyi aikin: yadda ake karanta raunin mai bugu, da yadda ake kwantar wa mai jifa hankali, da yadda ake sakin ƙwallo cikin ƙiftawar ido.

Rayuwa ce mai wuya. 'Yan wasan kan kwana a mota a kan hanya, sau da dama su buga wasa fiye da ɗaya a rana, kuma otal-otal da gidajen abinci da yawa ba sa karɓarsu. Idan sanyi ya shigo Campanella yakan tafi ƙasashen Latin Amurka ya ci gaba da wasa, inda ya koyi harshen Sifaniyanci. A shekarun 1942 da 1943 ya buga wa ƙungiyar birnin Monterrey ta ƙasar Meziko.

Ganawa da Branch Rickey

Ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu ya zo da sauyi. Baƙaƙen fata sun yi yaƙi sun mutu a ƙarƙashin tutar Amurka, jaridunsu kuma sun matsa lamba kan a kawo ƙarshen wariya a fagen wasa. Kazalika a shekarar 1944 kwamishinan wasan, Kenesaw Mountain Landis, wanda katangar ta daɗe a zamaninsa, ya rasu.

Shugaban ƙungiyar Brooklyn Dodgers ta birnin New York, Branch Rickey, ya ƙudiri aniyar karya katangar, amma a asirce. Ya baza wakilai suna duba baƙaƙen 'yan wasa, bisa hujjar cewa wata sabuwar ƙungiyar baƙaƙe zalla ake shirin kafawa.

A watan Oktoban 1945 ya gana da Campanella ya yi masa tayi. Campanella, wanda ya zaci zancen waccan ƙungiya ta baƙaƙe ake yi, ya ƙi amincewa, domin yana da aikinsa da albashinsa a Baltimore.

Kwanaki kaɗan bayan haka Jackie Robinson ya shaida masa cewa shi ya amince da tayin Rickey, kuma ƙungiyar farare ce zai shiga. Ranar 23 ga watan aka bayyana cewa Robinson ya sa hannu da Montreal Royals ta ƙasar Kanada, babbar reshen Brooklyn. Sai a lokacin Campanella ya gane abin da ya kuɓuce masa.

Ya tafi ƙasar Venezuela wasan lokacin sanyi yana jiran ko za a sake waiwayarsa. A watan Maris na 1946 saƙon Rickey ya iske shi.

Neman garin da zai karɓe su

A tsarin besbol, kowace babbar ƙungiya tana da ƙananan ƙungiyoyi a garuruwa daban-daban inda take renon 'yan wasa, tamkar a ce ƙungiyar Kano Pillars tana da rassa nata na kanta a Gaya da Ajingi da Wudil. Rickey ne ya bunƙasa wannan tsari tun yana ƙungiyar St. Louis Cardinals. A shekarar 1946 matakan ƙananan rukunonin shida ne, daga AAA a sama zuwa D a ƙasa.

Da farko an so a tura Campanella da wani matashin mai jifa ɗan shekara 19, Don Newcombe, zuwa reshen Danville a jihar Illinois. Amsar da ta dawo daga can ita ce rukunin bai shirya karɓar baƙaƙe ba.

Daga nan aka tuntuɓi Buzzie Bavasi, matashin jami'in da aka ɗora wa alhakin kafa sabon reshe a Nashua, a jihar New Hampshire. Bavasi, wanda bai daɗe da dawowa daga fagen yaƙi ba, ya amince muddin dai sun iya wasa. Ranar 4 ga watan Afrilu aka sanar da ɗaukarsu.

Ga Campanella wannan komawa baya ce. Yana ɗan shekara 24, ya shafe shekaru tara a fagen ƙwararru, kuma fitacce ne a rukunin baƙaƙe. Yanzu ga shi a mataki na B, tare da yara masu koyo, a kan albashin dala 185 a wata, abin da bai kai rabin wanda yake samu a baya ba. Ya karɓa, domin ita ce kaɗai hanyar da ke zuwa babban rukuni.

Garin masaƙu

Nashua gari ne da ke bakin kogin Merrimack, kimanin kilomita 65 daga birnin Boston, kusan tazarar da ke tsakanin Gaya da birnin Kano. Mutanensa a lokacin ba su kai 35,000 ba, kuma baƙaƙen cikinsu 'yan ƙalilan ne.

Tattalin arzikin garin ya dogara ne a kan masaƙu, waɗanda suka yi suna wajen saƙa barguna. Da dama daga cikin ma'aikatan jikokin Faransawan Kanada ne da suka yi ƙaura daga lardin Quebec domin neman aiki, kuma su ma sun ɗanɗani raini a hannun waɗanda suka tarar.

Garin na da filin wasa mai suna Holman, wanda aka gina a shekarar 1937 da kuɗin da wani ɗan garin, Charles Holman, ya bari. A nan sabuwar ƙungiyar ta yi mazauni, a rukunin New England mai ƙungiyoyi takwas, waɗanda suka haɗa da na garuruwan Lynn da Manchester da Lawrence da Pawtucket.

Bavasi ya san cewa ra'ayin jama'a na iya ɗaga ƙungiyar ko ya kayar da ita. Don haka ya naɗa editan jaridar garin, Nashua Telegraph, mai suna Fred Dobens, a matsayin shugaban ƙungiyar. Da wannan dabara jaridar ta zama mai goyon baya tun daga ranar farko, ta riƙa gabatar da baƙin biyu a matsayin 'yan wasan gari.

Mai horarwa kuwa shi ne Walter Alston, tsohon malamin makaranta daga jihar Ohio, mutum marar yawan magana, wanda sau ɗaya tak ya taɓa riƙe sanda a babban rukuni.

Kakar 1946

A wasan farko na kakar, wanda aka yi a garin Lynn, Campanella ya yi bugun tsallake shinge, Nashua kuma ta yi nasara. Shi ma Newcombe a fitowarsa ta farko ya hana abokan hamayya cin ko da maki ɗaya.

Mutanen Nashua sun karɓe su hannu biyu-biyu. Sai dai a wasu filayen ba haka abin yake ba. An yi musu zagin launin fata daga bencin abokan hamayya, akwai ma wani ɗan wasan Manchester da ya watsa wa Campanella ƙasa a fuska yana tsugune. Rickey ya riga ya gargaɗe su da su haɗiye fushi, domin rikici ɗaya na iya rusa shirin baki ɗaya, don haka Bavasi da Alston ne suka riƙa tsaya musu.

Tun farkon kakar Alston ya shaida wa 'yan wasansa cewa duk ranar da alƙalin wasa ya kore shi daga fili, Campanella ne zai riƙe ƙungiyar, saboda ya fi kowa gogewa.

Ranar ta zo a wani wasa da ƙungiyar Lawrence, ana gaban Nashua da maki. Campanella ya karɓi ragama, ya sa abokinsa Newcombe ya shiga bugu a madadin wani, ko da yake jifa ce sana'arsa. Newcombe ya make ƙwallo ta tsallake shinge, aka yi kunnen doki, daga bisani Nashua ta ci wasan. Da haka Campanella ya zama baƙar fata na farko da ya jagoranci fararen 'yan wasa a wannan tsari a ƙarni na 20.

Shingen filin Holman na da nisa ƙwarai, abin da ya sa tsallake shi ke da wuya. Wani mai kiwon kaji a yankin ya yi alkawarin 'yan tsaki 100 ga kowane bugun da ya tsallake. Campanella ya tara sama da 1,000, ya aika wa mahaifinsa, wanda ya fara kiwon kaji da su.

A ƙarshen kakar ya yi bugun tsallake shinge sau 13, ya yi sanadin maki 96, aka kuma zaɓe shi gwarzon ɗan wasa. Newcombe ya ci wasanni 14, ya sha kaye a huɗu. Nashua ta ƙare a matsayi na biyu a bayan Lynn, amma ta doke ta a wasannin ƙarshe ta ɗauki kofi.

Nasarar ta ba Rickey hujjar da yake nema. Abin da Robinson ya yi a Montreal ana iya cewa a wata ƙasa aka yi shi, amma na Nashua a cikin Amurka ne, a gaban 'yan kallo farare, kuma ba a samu tarzomar da masu adawa suka yi hasashe ba.

Zuwa Brooklyn

Ranar 15 ga watan Afrilun 1947 Jackie Robinson ya buga wasansa na farko a Brooklyn. A shekarar ce Campanella ya hau zuwa Montreal, Newcombe kuma ya sake kaka guda a Nashua, inda ya ci wasanni 19.

Campanella ya fara buga wa Brooklyn ranar 20 ga watan Afrilun 1948. Amma ba da jimawa ba Rickey ya sake tura shi reshen St. Paul a jihar Minnesota, domin ya zama baƙar fata na farko a wancan rukuni. A wasanni 35 ya tsallake shinge sau 13, kuma a farkon watan Yuli aka dawo da shi Brooklyn, inda ya riƙe gurbinsa kusan shekaru goma.

A shekarar 1949 shi da Robinson da Newcombe da Larry Doby ne baƙaƙen farko da suka buga wasan zaɓaɓɓun taurari na shekara-shekara. Sau takwas a jere ana zaɓensa a wannan wasa.

An zaɓe shi gwarzon rukunin National a shekarun 1951 da 1953 da 1955. A 1953 ya tsallake shinge sau 41, ya yi sanadin maki 142. A tsawon zamansa a Brooklyn ya kama kashi 57 cikin 100 na waɗanda suka yi yunƙurin satar zango, adadin da ya sa shi a sahun gaba a tarihin wasan.

Halinsa ya bambanta da na Robinson. Robinson mutum ne mai fitowa fili ya ƙalubalanci wariya, shi kuwa Campanella mai raha ne da kauce wa rigima, yana ganin ƙwazo a fili ya isa amsa. Wannan saɓani ya haifar da tsamin dangantaka a tsakaninsu na wasu shekaru, kafin su sasanta daga baya. Muhawara ce da ta daɗe a tsakanin baƙaƙen Amurka, kan ko haƙuri ko fito-na-fito ne ya fi saurin kai wa ga 'yanci.

Rushewar ƙungiyar Nashua

Yayin da tauraron Campanella ke haskawa, ƙungiyar da ta rene shi ta kama hanyar rugujewa, ko da yake ba don gazawa a fili ba. Ta sake ɗaukar kofi a 1947 da 1948, shekarar da wani baƙar fata mai jifa, Dan Bankhead, ya ci mata wasanni 20.

Matsalar daga aljihun 'yan kallo ta taso. A shekarar 1948 kamfanin Textron, wanda ya sayi manyan masaƙun garin, ya sanar da shirin rufe su, a lokacin da masana'antar saƙa ke ƙaura zuwa kudancin Amurka inda ƙwadago ya fi araha. Ma'aikata masu yawa suka rasa abin yi, sauran garuruwan rukunin ma da yawansu na masaƙu ne masu fama da irin wannan hali.

A shekarar ce kuma tashoshin talbijin suka fara aiki a Boston, suna nuna wasannin manyan ƙungiyoyin birnin. Mutumin da zai iya kallon taurari daga ɗakinsa, ko ya hau mota ya isa Boston cikin ɗan lokaci, ya rage zuwa filin garinsu.

Zuwa watan Yulin 1949 huɗu daga cikin ƙungiyoyi takwas na rukunin sun janye saboda rashin kuɗi. Nashua na cikin waɗanda suka lallaɓa zuwa ƙarshen kakar, amma daga nan rukunin ya rushe, ita ma ta bi shi.

Ba ita kaɗai abin ya shafa ba. A shekarar 1949 akwai ƙananan rukunoni 59 a tsarin wasan, amma zuwa 1963 saura 18. Su ma rukunonin baƙaƙen fata, waɗanda suka reni Campanella, sun durƙushe bayan da manyan ƙungiyoyi suka kwashe taurarinsu, 'yan kallonsu kuma suka bi su.

Masu bin ƙwallon ƙafa a arewacin Najeriya sun san irin wannan labari. Ƙungiyar Raccah Rovers ta Kano ta lashe gasar ƙasa a shekarar 1978, amma kofin bai hana ta ɓacewa daga baya ba.

Haɗuwar mutanen Nashua

Sau biyar Campanella ya kai wasan ƙarshe na World Series tare da Brooklyn, kuma duk da maƙwabciyarsu New York Yankees suka kara. Sun sha kaye a 1949 da 1952 da 1953 da 1956.

A shekarar 1955 ne kaɗai suka yi galaba, bayan wasanni bakwai, kuma shi ne kofi ɗaya tilo da ƙungiyar ta ɗauka a zamanta na Brooklyn. Campanella ya tsallake shinge a wasa na uku da na huɗu.

Wani abin lura shi ne mutanen da suka jagoranci nasarar. Bavasi ne babban manajan ƙungiyar, Alston ne mai horarwa tun 1954, Newcombe ya ci wasanni 20 a kakar, Campanella kuma shi ne gwarzon shekara. Dukkansu huɗun a filin Holman suka fara aiki tare, shekaru tara kafin nan.

Ita kuwa ƙungiyar Boston Red Sox, wadda ke kusa da Nashua, ita ce ta ƙarshe a babban rukuni da ta sa baƙar fata a wasa, a shekarar 1959.

Daren hatsari

Bayan kakar 1957 masu ƙungiyar Dodgers suka yanke shawarar mayar da ita birnin Los Angeles. Raunukan hannu sun riga sun rage wa Campanella ƙarfi, amma yana shirin bin ƙungiyar zuwa sabon mazauninta.

Da tsakar daren 28 ga watan Janairun 1958, yana komawa gidansa a Glen Cove daga unguwar Harlem inda yake da kantin sayar da barasa, motar hayar da yake tuƙawa ta zame a kan ƙanƙara, ta daki falwaya ta kife.

Ƙasusuwa biyu na wuyansa suka karye, lakarsa ta taɓu. Likitoci sun ceto ransa bayan doguwar tiyata, amma jikinsa ya shanye daga kafaɗa zuwa ƙasa. Yana da shekaru 36, kuma bai sake taka ƙasa da ƙafarsa ba.

Ya shafe watanni a cibiyar gyaran gaɓoɓi ta Dakta Howard Rusk a New York, inda a hankali ya dawo da motsin hannayensa har ya iya ciyar da kansa da taimakon na'ura.

Ranar 7 ga watan Mayun 1959 aka shirya wasa na musamman tsakanin Dodgers da Yankees a filin Coliseum na Los Angeles domin tara masa kuɗin magani. Mutane 93,103 suka halarta, a birnin da bai taɓa buga wa wasa ko ɗaya a gasa ba. Tsohon kyaftin ɗinsa Pee Wee Reese ya turo kekensa zuwa tsakiyar fili, aka kashe fitilu, 'yan kallo suka kunna ashana.

Sauran rayuwarsa

A shekarar 1959 ya wallafa tarihin rayuwarsa, wanda aka mayar fim ɗin talbijin a 1974. Shekarun da suka biyo bayan hatsarin sun zo masa da jarrabawa iri-iri, ciki har da mutuwar aurensa da yawan jinya.

Duk da haka bai rabu da wasan ba. Kowace shekara yakan je sansanin atisayen ƙungiyar a jihar Florida yana koyar da matasa masu cafe ƙwallo daga kan kekensa. A 1978 ya koma jihar Kalifoniya ya kama aiki a sashen hulɗa da jama'a na Dodgers, inda ya sake haɗuwa da Newcombe. Ya kuma riƙa ziyartar waɗanda suka samu irin rauninsa yana ƙarfafa musu gwiwa.

A shekarar 1969 aka shigar da shi Zauren Gwarzayen wasan da ke Cooperstown, baƙar fata na biyu bayan Robinson. A 1972 ƙungiyar ta jingine lambar rigarsa, 39, ta yadda babu wanda zai sake sa ta.

Roy Campanella ya rasu ranar 26 ga watan Yunin 1993 a gidansa da ke Woodland Hills, sakamakon ciwon zuciya, yana da shekaru 71. A shekarar 2006 hukumar gidan waya ta Amurka ta buga kan sarki mai hotonsa.

A shekarar 2020 hukumar babban rukunin wasan ta amince cewa rukunonin baƙaƙen fata na shekarun 1920 zuwa 1948 daidai suke da manyan rukunoni. Da wannan mataki, shekarun da Campanella ya yi a Elite Giants suka shiga lissafin da aka hana su shiga yana raye.

Abin da ya rage a Nashua

Bayan rushewar Nashua Dodgers, garin ya shafe sama da shekaru 30 ba shi da reshen wata babbar ƙungiya. A 1983 aka kawo Nashua Angels, sannan Nashua Pirates daga 1984 zuwa 1986. Ƙungiyar Nashua Pride mai zaman kanta ta yi wasa a can daga 1998 zuwa 2008, kana a 2011 aka kafa Silver Knights ta ɗaliban jami'a.

An mayar da wasu daga cikin tsofaffin masaƙun gidajen kwana, yawan mutanen garin kuma ya ninka fiye da sau biyu. Newcombe, wanda ya sha komawa Nashua yana yaba irin tarbar da aka yi musu, ya rasu a shekarar 2019, shi ne na ƙarshe cikin mutanen huɗu.

Filin Holman bai gushe ba. A cikinsa aka kafa lambobi uku domin tunawa: 42 ta Jackie Robinson, 36 ta Don Newcombe, da 39 ta Roy Campanella.